Kun manta da ayyukan da Cicely Tyson ta ƙi karɓa

Sannunku da ƙoƙari kan wannan labari da kuka rubuta game da Cicely Tyson, fitacciyar baƙar 'yar fim ta Amurka, amma kun tsaya kan lambobin yabo kaɗai: Tony (lambar yabo ta wasan kwaikwayo na dandamali) a 2013 tana da shekara 88, lambar girmamawa daga hannun Obama a 2016, sai Oscar na karramawa a 2018. Duk gaskiya ne. Ni dai abin da ya fi burge ni game da matar nan shi ne ayyukan da ta ƙi yi.

A shekarun 1970, galibin abin da masu shirya fim a Amurka ke ba baƙar mace shi ne ta fito a karuwa ko 'yar ƙwaya. Ita kuwa ta ce atafau ba za ta zubar da mutuncin baƙar mace ba, ko da za ta yi wata da watanni ba aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da ta tashi cikin talauci a unguwar Harlem ta birnin New York, iyayenta kuwa sun yi ƙaura ne daga tsibirin Nevis na yankin Caribbean.

A 1974, a wani fim na talabijin, ta fito a matsayin Jane Pittman, tsohuwa mai shekara 110 da aka haifa cikin bauta. Har yau tsigar jikina na tashi in na tuna yadda ta dogara sanda, tana jan ƙafa, ta je ta sha ruwa a famfon da aka ware wa Turawa kaɗai, 'yan sanda na kallo. Emmy (lambar yabo ta shirye-shiryen talabijin) biyu ta ci da wannan fitowar.

Kuma ita ce Binta, mahaifiyar Kunta Kinte, a Roots, shirin talabijin na 1977 kan cinikin bayi, wanda labarinsa ya faro daga Gambiya. Don Allah ku ƙara wannan a labarin.