Kunyar da ke cin yaranmu a wurin aiki

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar ina zaune a shago wani yaro ya kawo min dosiyensa yana neman staj, wato koyon aiki, lisans (digirin farko) gare shi daga jami'ar Ngaoundéré, takardu tsaf cikin leda, amma wallahi minti goma muna tare bai ɗaga kai ya dube ni ba, duk abin da na tambaya sai "eh Alhaji", "to Alhaji". Na ce me ka iya a kwamfuta? Ya ce komai. Na ce komai kamar me? Shiru. Abin ya tsaya min a rai har na kwanta.

Shekara 11 ke nan ina sayar da kayan gini a nan Garoua, siminti, kwano, rodi, fenti, yara da dama sun bi ta hannuna. Masu takarda yanzu sun yi yawa alhamdulillahi, jami'ar Ngaoundéré tun 1993, ta Maroua 2008, ga tamu ta Garoua da aka kafa 2022, kuma kowa idonsa na kan konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, na gwamnati ko kamfanin auduga SODECOTON, to guraben nawa ne? Wanda bai samu ba dole ya faɗo wajenmu 'yan kasuwa ko ONG, wato ƙungiyoyi masu zaman kansu, mu kuma diflom rana ɗaya muke kallonsa, sauran kwanakin bakinka da alkawarinka muke kallo.

Shekarar da ta wuce akwai wani yaro da na ɗora kan fakti, wato rubuta takardar ciniki, mai hankali ne sosai, ba ya sata ba ya ƙarya. Wani ɗan kwangila ya sayi siminti buhu 50 za a kai masa Pitoa, yaron ya rubuta 15 ya karɓi kuɗin 15, mota ta tafi da 50. A daren ya gane kuskurensa, amma ya yi gum kwana huɗu, ba ya cin abinci sosai, ina tambayarsa lafiya yana cewa lafiya lau. Da ya faɗa min a daren nan ai waya ɗaya zan buga magana ta ƙare. Kafin in gano da kaina mutumin ya riga ya zuba dal, wato kankaren gininsa, da simintin, sai da muka yi wata biyu ana ja-in-ja har da shiga tsakanin dattawa. Da na ce masa me ya hana ka magana sai hawaye, wai kunyata yake ji.

Kunya adon mu ce, ni ma a unguwar Haoussaré na tashi, ban taɓa kallon idon babana ba har ya koma ga Allah. Amma wannan ta gaban iyaye da surukai ce. A wurin aiki ka ce "ban gane ba, a sake min bayani" ko "na yi kuskure ga yadda ya faru" ba rashin tarbiyya ba ne, amana ce.

Yarinyar da ke kan kes ɗina, wato wurin karɓar kuɗi, yanzu iyakarta probatuwar, jarrabawar ajin kusa da na ƙarshe a sakandare. In Bafulatani ya shigo ta tare shi da Fulfulde, in ma'aikaci ne daga kudu ta juya Faransanci, in kaya zai makara ita ke fara kiran kiliya, wato mai saye, ta ba shi haƙuri tun kafin ya kira yana faɗa. Ko a zafin Afrilu bakwai da rabi tana bakin ƙofa, ba ruwanta da "gani nan zuwa" alhali mutum ko wanka bai yi ba. Sau biyu ina ƙara mata albashi ba ta roƙa ba.

Mu ma patron muna da namu laifin, dole in faɗa. Yaro ya yi tambaya ka daka masa tsawa gaban mutane, gobe ta yaya zai buɗe baki? Wancan yaron na siminti na san tsawata ce rabin abin da ya rufe masa baki, kuma har yau abin na damuna.

Shi na jiya na ce ya dawo Litinin bakwai da rabi. Satin farko ba zan ba shi kwamfuta ba, wayar shago zan miƙa masa, duk wanda ya kira shi zai amsa, ni ina gefe ina ji.