Kuregen Amurka: a biya makiyayi, a rage guba

A wajajen shekarar 1900, wani masanin dabbobi mai suna Vernon Bailey ya ba da labarin wani "gari" na ramuka a jihar Texas mai faɗin murabba'in kilomita kusan 65,000, ya kuma ƙiyasta mazaunansa sun kai miliyan 400. Mazaunan ƙananan dabbobi ne dangin kurege, da Amurkawa ke kira prairie dog saboda kukansu na gargaɗi kamar haushin ɗan kwikwiyo. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na filayen da suka mamaye a da sun fita hannunsu. Garma ta ci wasu, guba ta ci wasu, sauran kuma annoba ke bi.

Ra'ayina shi ne a kare su, amma kada a ɗora wa makiyayi kuɗin karewar.

Wanda ya tsaya a bakin garinsu zai ga ciyawa a aske ƙasa-ƙasa, da tulin ƙasa a bakin kowane rami, wani ya miƙe a kai da ƙafa biyu yana gadi. Askin nan da gangan ne, don su hango maƙiyi daga nesa. Ciyawar da ke sake tohowa ta fi taushi, shi ya sa ɓaunar Amurka ke son kiwo a wurin. Wata ƙaramar mujiya a tsofaffin ramukansu take ƙwai. A Janos ta jihar Chihuahua a Meziko, an ga yadda itatuwan ƙaya ke mamaye makiyaya da zarar kuregen ya ɓace, domin shi ke cinye su tun suna tsiro.

Wadda ta fi kowa dogara da shi ita ce ferret mai baƙaƙen ƙafafu, wata siririyar mafarauciya da kusan kashi 90 na abincinta kuregen ne, a raminsa kuma take kwana. An ɗauka ta ƙare a duniya, sai a 1981 karen wani makiyayi a Meeteetse ta jihar Wyoming ya kawo gawar ɗaya gida. Zuwa 1987 an kama 18 da suka rage, aka hayayyafa su a tsare, aka fara mayar da su daji a 1991.

Nan ne abin ke ɗaure kai. Gwamnatin da ta yi shekaru tana zuba kuɗi a kan ferret, har da samar da wata ta hanyar kwafin ƙwayar halitta a 2020, ita ce a 2020 ɗin ta sassauta dokar sa wa kuregen guba a makiyayar gwamnati ta Thunder Basin da ke Wyoming. Ana renon mai ci, ana kashe abincinsa.

Sai dai kukan makiyayi ba na banza ba ne. Bincike a Colorado ya nuna cewa idan ramukan suka cinye babban kaso na fili, ƙibar shanu tana raguwa, kuma a shekarar fari abin ya fi ciwo. Mutumin birni da ke jin daɗin hoton kuregen a waya ba shi ke sayen harawa ba. Wanda sa ya rame masa, wa'azi ba ya cika masa aljihu.

Ga kuma annobar da ƙuma ke yaɗawa, wadda ta shigo ta San Francisco a 1900, tana iya share garin kuregen guda cikin makonni. Ta faɗa garuruwan kuregen da ke yankin Conata Basin na jihar South Dakota a 2008. Ma'aikata na bi rami-rami suna busa hodar kashe ƙuma, a Montana har an yi amfani da jirage marasa matuƙa wajen watsa rigakafi mai ɗanɗanon tunkuzar gyaɗa. Aiki ne mai tsada, kuma sai an maimaita.

Tunda haka ne, a raba aikin. A filin gwamnati, guba ta tsaya a bakin iyaka, inda ramuka ke kutsawa gonar maƙwabci. A filin mutum kuwa, a biya shi kuɗi kan kowace eka da ya bar wa kuregen, kamar yadda aka gwada a Colorado, a kuma ba shi tabbacin cewa zuwan ferret, wadda doka ke karewa, ba zai jawo masa shari'a ba. Biyan ya zama na shekaru masu yawa, domin babu makiyayin da zai canza tsarin kiwonsa a kan alkawarin damina ɗaya.