Yadda Filashin Terabait Biyu Ya Cinye Bikin Ƙanwata

A gidanmu Injiniya ake kirana, kuma ban taɓa musa sunan ba, duk da cewa abin da na karanta a makaranta bai haɗa hanya da kowane irin inji ba. Asalin laƙabin kuwa wata rana ce wayar Baba ta daina ƙara, na karɓa na danna maɓallin gefe, ƙarar ta dawo, tun daga nan duk wani abu mai batir ni ake kawo wa. Saboda haka da aka watse daga bikin ƙanwata, mai ɗaukar bidiyo ya aiko a zo a karɓi aikin domin zai share katin kyamararsa kafin bikin Asabar mai zuwa, babu wanda ya tsaya shawara, ni aka tura.

Mai bidiyon ya ce aikin ya kusa gigabait 60, ya kuma nemi ya buga mini shi a fayafayan DVD kamar yadda yake yi wa dattawa. Na dube shi da tausayi, na tuna masa cewa faifai ɗaya gigabait 4.7 kawai yake ɗauka, ke nan sai na koma gida da fiye da dozin guda a hammata. Na ƙara da cewa hasken lesa ne yake karanta 'yan ƙananan alamomin da aka ƙona a jikin faifan, kuma da zarar ya ƙarzu sai hasken ya ɓata hanya, shi ya sa fayafayan bikin yayanmu yanzu kofin shayi Gwaggo take ɗorawa a kansu. Bai ja da ni ba, ya juye mini komai a kwamfutata ta cinya, ya ce Allah ya sa albarka.

A hanyar dawowa danja ta tsayar da mu, wani matashi mai tallar kayan waya ya ziro hannu cikin adaidaita sahu da wani filashi mai ruwan zinare. Ya ce, "Yallaɓai, terabait biyu ne, wato gigabait dubu biyu, ko fina-finan duniya za ka zuba ba zai cika ba." Kuɗin da ya faɗa bai kai na kwanon shinkafa ba, amma duk da haka na taya ƙasa da rabi, ya ce albarka, sannan ya ce in kawo kafin danja ta ba mu hannu. Da daddare na kwashe bikin gaba ɗaya na mayar cikin filashin, na ga layin nan kore ya cika har ƙarshe ba tare da gardama ba, sai na goge na cikin kwamfutar har da zazzage kwandon shararta, domin dama ta daɗe tana kukan wuri ya yi mata kaɗan.

Bayan sallar isha'i ta wata Juma'a aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka fito da talabijin, dangi suka cika har da wasu daga gidan ango. Na sanya filashin, sunayen suka jeru gwanin sha'awa: kamu, ɗaurin aure, yinin biki, kai amarya. Na farkon ya buɗe lafiya. An ga yara suna jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfa, an ga ƙafafun mutane, sai kuma mai bidiyon ya fara gwada janyo hoto daga nesa, Allah kuma ya sa abin da ya samu ya gwada da shi Kawu ne. Kawu yana zaune gefen kulolin abinci, ya waiga dama ya waiga hagu, ya zaro baƙar leda daga aljihun babbar riga, ya shiga tsince cinyoyin kaji ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, har yana mayar da wadda bai ga tsoka a jikinta ba. Shi kuwa Kawun na gaske yana sahun gaba a kan tabarma, carbi a hannu. Na yi sauri na danna ɗaurin aure domin in rufa masa asiri, allon ya yi baƙi. Na danna yinin biki, ya yi baƙi. Haka na bi su duka, babu wanda ya amsa, sai Gwaggo ta ce, "To ɗan nan, mayar mana da na farkon mana, tunda shi ne mai yi."

Washegari na tafi kasuwar Farm Centre wurin wani mai gyara, yaro ne da bai kai ƙanena ba amma ya san aikinsa. Ya ɓare bayan filashin da farce, ya nuna mini 'yan baƙaƙen ƙwayoyi biyu. Ya ce ɗaya ita ce ma'ajiyar, inda ake tsare cajin lantarki a cikin ɗakuna ƙanana masu ɗimbin yawa, cajin kuma yana nan zaune ko an zare filashin daga wuta. Ɗayar kuwa ita ce mai kula da shige da fice, ita take faɗa wa kwamfuta girman wurin. Ya gwada da wata manhaja, ya ce, "Alhaji, gigabait 8 ne, ƙarya aka koya wa mai kular." Duk abin da ya biyo bayan takwas ɗin nan karɓa take yi ta ce ta adana, alhali babu inda ta ajiye shi, sunayen kuwa sun fito ne saboda jerin sunaye a farkon ma'ajiyar yake zama. Wato cikin bikin da aka yi sati ana yi, rabon da filashin ya zaɓa ya riƙe shi ne kujerun roba da Kawu.

Da ya ji cewa aikin ya taɓa zama a kwamfutata, sai fuskarsa ta saki. Ya ce a faifan ajiya irin na da, wanda suke kira had-disk, gogewa ba ta taɓa ainihin bayanan, sunan fayil kawai ake cirewa daga jeri a ce wurinsa ya zama fili, bayanan kuwa suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Ya roƙe ni kada in kunna ta, kada in sauke komai a cikinta, in kawo masa ita yadda take. Na amsa da to. Sai dai a hanya na yi tunanin cewa bai dace Injiniya ya biya yaro kuɗin abin da manhaja za ta yi kyauta ba, don haka da na isa gida na kunna ta, na sauke manhajojin dawo da fayil iri-iri daga intanet, kowace kuma sai da ta nemi wurin zama a cikin filin nan da bikin yake kwance. Ana cikin binciken ne ɗana ya shigo a guje, ƙafarsa ta harɗe da wayar caja, kwamfutar ta bar kan tebur ta sauka a siminti. Har gobe ina ganin da masu ƙera caja sun rage tsawon wayar da hakan ba ta faru ba.

Da na sake kunna ta, abin da na ji kawai shi ne ƙas, ƙas, ƙas daga cikinta. Mai gyaran ya kara ta a kunne, ya yi salati. Ya ce a ciki akwai faifai mai rufin maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 a minti guda, da wani hannu mai kan karatu da ke yawo a samansa kamar allurar garmaho, sai dai wannan ba ya taɓa faifan, a kan iska yake shawagi da tazarar da silin gashi ya fi ta kauri sau dubbai. Idan ta faɗi tana cikin aiki, kan ya kafta wa faifan, ya kankare rufin da bayanan suke kai. Ya ce had-disk na farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956 fayafayai 50 ne a cikinsa, nauyinsa ya haura tan guda, abin da yake ɗauka kuma bai wuce megabait 5 ba. Na ce ko ba komai wannan kam yaro ba zai iya ture shi daga tebur ba. Na tambaye shi da ma'ajiyar zamani da ake kira SSD ce a ciki fa, tunda ita babu abin da ke motsi a jikinta, dangin filashi ce? Ya ce faɗuwar ba za ta dame ta ba, amma ita da an goge abu ba ta jimawa take share ɗakunan da kanta, da tun daren farko bikin ya tafi. Mai bidiyo kuwa da na kira shi, kiɗan wani bikin nake ji a bayansa, katin ya riga ya cika da wata amaryar.

Abin da ya rage shi ne bin gidajen dangi ina roƙon memorin wayoyin mata. Na tara guntaye masu yawa, sai dai kowace mace kanta da ƙawayenta ta ɗauka, tana gyara ɗaurin kallabi tana juya fuska. Amarya takan gifta can baya jefi-jefi, ango kuwa hularsa da kunnensa ɗaya kaɗai suka samu shiga. Na harhaɗa na kai wa ƙanwata, ta kalla har ƙarshe, ta ce, "Yaya, sannu da ƙoƙari, amma bikin wa ye wannan?"

Ana haka Kawu ya aiko a kira ni a keɓe. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya ji labarin asarar da na yi, kuma shi mutum ne da ba ya son ɗan'uwa ya yi asara, saboda haka zai sayi filashin nan ninki uku na kuɗinsa. Na karɓi kuɗin da hannu biyu, na miƙa masa, ya jefa shi aljihun babbar rigar nan tasa. Ban ga dalilin tayar masa da hankali ba, shi ya sa ban gaya masa cewa tun ranar Lahadi Gwaggo ta aiki jikanta da filashin wurin masu tura fina-finai na bakin titi, sun zuba mata a memorin ƙaramar wayarta mai tocila, kuma matan unguwa sun fara zuwa da nasu.