Digiri 270 kaɗai bai isa ma'auni ba

Wani labari ya ce sabuwar na'urar leƙa ƙoda, siririn bututun da likita ke zurawa ta mafitsara don ganin tsakuwar ƙoda, ta fi sauran don kanta na lanƙwasawa digiri 270. A auna ta da zaren leza, wanda ake fasa tsakuwar da shi, a ciki mana! Ƙofar aikinta, inda zaren ke bi tare da ruwan da ke wanke wurin don a gani, faɗinta milimita 1.2 ne kacal. Da an zura zare mai kaurin maikuron 365 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), lanƙwasar ta ragu, ruwa ya daina gudu sosai, hoto ya dushe, tsakuwar can ƙasan ƙoda ta gagara. Shi ya sa ake son zaren maikuron 200. Mai cewa a ƙara matsa ruwa don hoton ya fito, hattara: matsi ya yi yawa, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Kuma bayan aiki nawa lanƙwasar take sanyi? Masu ƙera ta sun gwada wannan?