Yadda get ɗina ya tashi unguwa

Hayaniya ce ta kore mu daga tsakiyar birni. Shekara 6 muna zaune a bene hawa na uku, titi a ƙarƙashinmu, har ƙaramar 'yata ta iya kwaikwayon hon ɗin mota kafin ta iya cewa Baba. Da muka samu gida a bayan gari, tafiyar minti 15 a ƙafa zuwa bakin teku, minti 40 a mota zuwa wurin aikina, sai na ce kakata ta yanke saƙa. Unguwar masu iyali ce zalla. Yara na tuƙa keke a tsakiyar titi, mota na bin su a baya kamar 'yar rakiya. Ƙarfe tara na dare kuwa, ko tari ka yi sai ka ji kamar ka bi gida-gida ka ba da haƙuri.

Ashe unguwar da ba ta da mai hayaniya nemansa take yi. Wata huɗu da tarewarmu aka naɗa ni.

Get ɗin gidan ne ya ja mini. Na ƙarfe ne mai ƙyaure biyu, kowane ƙyaure a rataye kan hinji biyu, irin wanda sanda ke tsaye, bututun ƙyauren ya zauna a kanta yana juyawa. Ranar da muka shigo ko motsinsa ba ka ji. A hankali ya fara 'yar ƙara irin ta ɓera, daga baya ya koma kukan jaki mai mura. Ni kuma shida saura kwata nake fita don in riga cunkoso. Babu wanda ya taɓa yi mini ƙorafi, mutanen unguwar sun fi ƙarfin haka. Sai dai wata safiya matar maƙwabcina ta gaishe ni da fara'arta ta ce, "Maƙwabci, lafiya kuwa? Yau sai shida da minti goma muka ji ka." Na shiga mota ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

A daren na ɗauko man girki daga kicin na tsiyaya wa hinjin. Kwana biyu shiru, har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa. Abin da ban sani ba, man girki in ya sha iska da rana danƙo yake komawa, danƙon kuma ya kama duk yashin da iska ta kwaso. Kafin mako ya zagayo na haɗa wa hinjin sanfefa mai ruwa-ruwa da hannuna, kukan ya dawo har da gurnani. Sai na sayo man feshi na gwangwani. Shi aikinsa ya kori ruwa ya sassauta abin da ya cije, amma ba shi da kaurin da zai zauna a ƙarƙashin nauyin ƙyaure, kwana kaɗan ya bi iska. Da na ga jan tsatsa ya fara keto wa a ƙasan get ɗin, na sayo fenti baƙi na lafta a kai, ban wanke ba, ban kankare ba. Ya yi kyau ƙwarai. Bayan 'yan makonni fentin ya tashi ƙuraje kamar mai ƙyanda, in ka latsa ɗaya jan ruwa ya fito.

Duk wannan abin akwai mai kallona. Wani dattijo ne a gidan da ke fuskantar namu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin injin jirgin ruwa. Ran nan ya tsallako, ya shafa get ɗin da yatsa, ya miƙo mini yatsan ya ce in duba. Wani farin gari ne siriri.

"Yaro, ka san mene ne wannan?"

"Ƙura ce, Baba."

"Lasa ka ji."

Ban lasa ba, amma na gane. Ya ce kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Igiyar ruwa in ta fashe a gaɓa, feshinta na tashi sama ƙanana-ƙanana, ido ba ya gani. Da rana tudu ya fi teku saurin ɗaukar zafi, shi ya sa iska ke busowa daga teku zuwa cikin gari, wannan iskar mai daɗi da muka biya kuɗin haya dominta. Ita ke sauke gishirin a kan duk abin da ta tarar. Gishiri kuma makwaɗaicin ruwa ne: laimar iska na haura kashi 75 cikin 100 zai fara tsotsar ruwa daga cikinta ya narke. Ke nan ko sama ba ta zubar da ɗigo ɗaya ba, ƙarfenka a jiƙe yake kwana cikin ruwan gishiri. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, sai ta kumbura a cikin bututun ta shaƙe sandar. Kukan da nake ji ke nan. Ƙurajen fentina ma gishirin da na binne a ƙasa ne yake jawo ruwa ta cikin fentin.

Ya ce magani ɗaya ne, a ɗaga ƙyauren a cire shi daga kan sandunan, a gyara ciki. Ya ƙara da cewa aikin mutum biyu ne, kuma da rana ake yi.

Nan ne girman kai ya shigo. Sau uku ina ce wa uwargida na gyara get, sau uku get na ƙaryata ni a gaban jama'a. Ban ga yadda zan tsaya da rana tsaka, yaran unguwa sun kewaye ni da kekunansu, wani yana koya mini aiki a ƙofar gidana ba. Na ƙudurta zan yi ni kaɗai da dare, gari ya waye a ga abin mamaki.

Daren Asabar ƙarfe goma sha ɗaya na fito da fitila, da gwangwanin giris, da jak ɗin mota. Dabarata ita ce jak ya yi aikin mutum na biyu. Dabarar ba laifi, wurin da na sa shi ne laifi. Mai hankali kusa da hinji yake sa jak, don ƙyauren ya tashi a miƙe ya zare daga sandar. Ni kuwa na kai shi can ɗaya ƙarshen, inda ya fi sauƙin shiga. Ina murzawa bakin ƙyauren na tashi, gindinsa na nan, bututun ya karkace ya ƙara cije sandar. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce taurin kai yake mini, na ƙara murzawa. Na ɗauko guduma na naɗe kanta da tsumma don kada a ji, na ɗan ƙwanƙwasa hinjin ƙasa.

Tsatsar ta saki gaba ɗaya. Ƙyauren ya yi tsalle ya bar sandunan biyu a lokaci guda, ya tsaya a tsaye na ɗan lokaci kamar yana shawarar inda zai nufa, sannan ya zaɓi motata.

Ƙarar faɗuwar kaɗai ta isa. Amma motar ma ta ce ba za a bar ta a baya ba, jiniyarta ta ɗauka, fitilu na walƙiya. Makullin yana aljihun wandon da na cire a ɗaki. Na ruga, na tarar ƙofar falo ta rufe kanta, irin wadda ba ta buɗuwa ta waje sai da mabuɗi. Daga baya dattijon ya gaya mini cewa da dare iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, hakan na lanƙwaso sauti ƙasa, ya yi nisa fiye da yadda zai yi da rana. A daren dai ban buƙaci bayani ba. Ina tsaye ina kallon tagogi na kamawa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi. Kare ya amsa, wani karen ya amsa masa, jarirai uku suka karɓa. Mutane suka fara fitowa da kayan barci, kowa na tambayar ko lafiya, da irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo. Uwargida ta leƙo ta taga ta latsa makullin, jiniyar ta mutu, ta dube ni, ta dubi ƙyauren a kwance kan bonet, ta ce, "Baban yara, wannan karon ma an gyara?"

Dattijon ne ya iso ƙarshe, a hankali, da tocilarsa. Ya haska sandar hinjin, ya haska gwangwanin giris da ko buɗe shi ban yi ba.

"To ai ka cire. Saura wanki."

Washegari muka yi aikin yadda ake yi, da rana, yara goma sha wani abu suna kallo. Farko ruwan famfo da sabulu, aka wanke ƙyauren da sandunan sosai, don duk abin da ka shafa a kan gishiri ka yi asararsa. Aka bari ya bushe. Sai buroshin waya ya kwashe ɓawon tsatsa da fentina mai ƙuraje, sanfefa mai lamba 80 ta bi baya, mai lamba 120 ta sulɓe wurin har farin ƙarfe ya fito. Cikin bututun kuwa sanfefa muka naɗa a jikin sanda muka dinga murzawa. Ƙarfen da aka kankare ba a barinsa ya kwana tsirara a bakin teku, a ranar ake shafa masa fentin ƙasa mai tutiya, sannan fentin sama shafi biyu, ana barin kowane ya bushe gwargwadon abin da aka rubuta a gwangwani. Ya hana ni farawa da sassafe saboda raɓa, ya ce kuma in laima ta wuce kashi 85 a ajiye buroshi a jira wata rana. Sandunan aka cika su da giris mai kauri irin na jiragen ruwa, wanda ruwa ba ya wankewa, aka sa washa a gindin kowace sanda don bututun ya samu abin zama.

Da muka zo kan notunan sakata ya ƙi waɗanda na sayo. Ni a wurina duk ƙarfen da aka ce ba ya tsatsa ɗaya ne. Ya nuna mini kan notin, an buga A2. Ya ce wannan shi ne mai lamba 304, yana da kyau a cikin gari, amma kusa da teku tabo yake yi har ya rarake. A nemi mai A4, wato 316, wanda aka ƙara wa wani sinadari, molibdinam, kashi 2 zuwa 3 cikin 100, shi ke jure gishiri. Kuma kada a ɗaura irin wannan noti kai tsaye a jikin alminiyam, kamar firam ɗin taga, sai da washar roba a tsakani, don ƙarafa biyu mabambanta in ruwan gishiri ya haɗa su batir suke zama, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Kafin ya tafi ya ɗora mini aikin wata-wata: tiyo da ruwan famfo a kan get, da injin sanyaya ɗaki na waje, da ƙarƙashin mota, da kekunan yara, a tsane sarƙar a sa mata mai. Ya ce in fi mai da hankali kan abin da ke ƙarƙashin rumfa, don na fili ruwan sama na wanke shi, na inuwa kuwa gishiri taruwa yake yi a kai.

Bayan kwana uku muka mayar da ƙyauren, mutum biyu, cikin minti ɗaya. Na tura shi da ɗan yatsa ya tafi kamar ba ƙarfe ba.

Ranar Alhamis aiki ya riƙe ni, ban iso gida ba sai goma da rabi. Na buɗe get shiru, na rufe shiru, na bar motar a waje don kada in tashi kowa, na lallaɓa na murɗa mabuɗin falo. Uwargida na zaune cikin duhu tana kallon waya. Wata da watanni ke nan ba ta taɓa ganina a cikin gidan nan ba tare da jaki ya fara yi mata sallama ba. Ta ga inuwar ƙato a bakin ƙofa, ta ƙwalla ihun ɓarawo da duk ƙarfinta.

Tagogi suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Daga tsallaken titi na ji an zuge labule, muryar dattijon ta fito a natse.

"Giris ɗin ya zauna ke nan."