Samari da Alwala Ake Yawo

Tun ina aji huɗu a firamare na gane hannuna ba irin na mutane ba ne. Kafin in gama rubuta sunana a takardar jarrabawa, ta yi laushi kamar gurasar bandashe. Kakata ta sha goga mini alif a tafin hannu, gumin ya ɗan lafa na wuni guda, washegari rijiya ta sake kawo ruwa.

Amma gumi bai taɓa tozarta ni ba kamar ranar da na je gaishe da mahaifin yarinyar da nake nema. Watan Janairu ne, hazo ya rufe Kano, kowa leɓensa a fashe. Abokin rakiyata har da rigar sanyi a ƙarƙashin kaftani. Ni kuwa na ɗauko shadda ruwan sararin samaniya wadda ta sha bugu. Mai larura irin tawa baƙi yake sawa ko fari fat, na kuma san haka sarai, son burgewa ne ya ja ni.

Da muka shiga zaure na durƙusa can nesa, ina murna al'ada ta cece ni, tunda ba a musabaha da suruki. Ashe Alhaji mutum ne mai raya sunna. Ya miƙo hannu. Na goga nawa a gwiwa sau biyu, na miƙa. Ya riƙe, ya saki, ya dubi tafinsa yana ƙyalli.

"Masha Allah. Samari da alwala ake yawo."

Na ce, "Eh, Baba."

Wallahi ban san lokacin da kalmar ta fito ba. Aka shiga tambayoyi, asali, sana'a, sai da aka zo kan "Ana bin ka bashi?" wani ɗigo ya gangaro ta ƙarƙashin hula ya tsaya a kan hancina yana lilo. Hammata kuwa kowane ɓangare ya zana taswirarsa. Muna haka aka kira la'asar. Alhaji ya sa aka kawo butoci, ya juyo ya ce, "Kai da ke da alwala, shiga gaba ka ja mu."

Na yi shiru. Na ce, "Baba, ai... yanzun nan ta warware."

A zauren suruki! Abokina ya cusa fuska cikin hula, kafaɗunsa na rawa. Alhaji bai ce komai ba, ya dai sa yaro ya ɗage labulen ƙofa.

Satin nan na tafi asibiti. Likita ta tambaye ni ko gumin yana tashe ni da dare, ko ina ramewa, ko ina tari, domin gumin dare yana iya zama alamar tarin fuka. Na ce da na yi barci famfo yake rufewa. Ta sa aka auna suga da sinadarin tayroid na maƙogwaro, duk lafiya lau. Ta ce sunan abin haifahaidirosis: jijiyoyi ne ke ta aika wa mazubar gumi umarni ba zafi ba gudu, kuma yakan bi jini. Nan na tuna kawuna da ba ya rabuwa da tawul a kafaɗa, mu muna cewa gayu ne.

Ta lissafo magunguna. Akwai na'urar da ake tsoma hannu a ruwa ana sakin 'yar wutar lantarki kamar minti 20. Akwai allurar Botox, tana riƙewa wajen wata 6, sai dai aljihu ne zai karɓi gumin. Akwai tiyatar jijiya, amma sau da yawa gumin yakan yi ƙaura ne zuwa baya ko ciki. Ta ce in fara da ruwan shafawa mai aluminiyam kulorayid kashi 20 cikin 100, da dare, a busasshiyar fata, in wanke da safe. Ashe ɗan uwan alif ne, Allah Ya jiƙan kakata. Ta kuma ƙara wata magana a kan aski, lokacin hankalina ya tafi kan farashi.

Daren nan na ce bari in yi abin da kyau. Na sa reza na kwashe hammata tas, na labta magani.

Ƙarfe ɗaya na dare maƙwabcina ya same ni a tsakar gida, ba riga, hannuwa biyu a sama, ina zagaye rijiya cikin sanyin jaura. Ya haska ni da tocila, ya leƙa ta katanga, ya rage murya ya ce, "Malam, su nawa ne?"