Wa ya ba na'ura izinin yanke wa mutum hukunci da ƙwayar idonsa?

Tun da kamfanin Apple ya saka fasahar bibiyar ido a cikin iPhone da iPad a watan Satumban 2024, ta yadda mutum zai iya buɗe manhaja da kallo kawai, wata magana take ta yawo a bakin masu sharhin fasaha da dillalan talla: wai an zo zamanin da na'ura za ta karanta zuciyar mutum ta idonsa. Wannan magana ta hana ni sakat. Abin da Apple ya yi ba ni da ja a kansa, don masu larurar da ta hana su amfani da hannu aka yi shi, kuma kamfanin ya ce bayanan ba sa fita daga cikin wayar. Rigimata da waɗanda suka laɓe a bayan wannan alheri ce, suna tallata wa makarantu da ma'aikatu da hukumomin tsaro cewa inda ido ya sauka nan hankali yake, saboda haka na'ura za ta iya faɗa musu wane ne ke satar amsa, wane ne ke ha'inci a wurin aiki, wane ne ke ƙarya.

A fara da abin da na'urar take yi a zahiri. Yawancinsu suna haska ido da wani haske mai suna infrared wanda mutum ba ya ganinsa, kyamara ta ɗauki hoton baƙin tsakiyar ido da ɗan ƙyallin da hasken ya bari a saman ƙwayar, sai kwamfuta ta lissafa tazarar da ke tsakaninsu ta ƙiyasta wurin da ake kallo. Kafin a fara ma sai an sa mutum ya bi wasu ɗigo a kan allo da ido don a daidaita ta da shi. Iyakar saninta ke nan: wuri, da tsawon lokacin da ido ya yi a wurin, da girman baƙin idon. Duk abin da aka ɗora a kan wannan, fassara ce ta ɗan'adam, kuma fassara tana iya zama daidai tana iya zama son zuciya.

Masana sun daɗe a kan wannan aiki, kuma su ba su taɓa yin cika-bakin da 'yan kasuwa ke yi ba. Tun 1879 likitan ido Louis Émile Javal ya bayyana a birnin Paris cewa idon mai karatu ba ya tafiya sumul a kan layi, tsalle yake yi yana tsayawa, sau uku ko huɗu a cikin daƙiƙa guda. Masanin Rasha Alfred Yarbus, wanda aikinsa ya shahara a shekarun 1960, ya nuna wa mutum wani zane na Ilya Repin, na wani da ya shigo ɗaki iyalinsa ba su zaci zuwansa ba. Da ya ce a ƙiyasta shekarun mutanen, ido ya manne a fuskoki. Da ya ce a ƙiyasta arzikin gidan, ido ya koma kan tufafi da kayan ɗaki. Wato abin da ke ran mutum yana juya idonsa. Dillalan yau suka ɗauki wannan suka kifa shi: tunda zuciya na juya ido, to daga ido za a gano zuciya. A 2012 Michelle Greene da Tommy Liu da Jeremy Wolfe sun gwada wannan kifawar a Amurka, suka ba mutane da kwamfuta taswirar motsin ido su faɗi aikin da aka ba mai kallon, duka suka kasa. Wasu binciken da suka biyo baya sun ɗan fi mai canke dacewa, amma wanda ya ɗan fi mai canke ba a ɗora shi a kujerar alƙali.

Binciken da na fi so kowane shugaban makaranta da kowane manajan ma'aikata ya sani shi ne na 2013, wanda Trafton Drew da abokan aikinsa suka yi a birnin Boston. Sun tara ƙwararrun likitoci 24 masu duba hoton cikin jiki, suka ba su hotunan huhu su nemo ƙananan ƙulluttai masu nuna alamar kansa. A cikin hotunan ƙarshe suka cusa hoton goggon biri, wanda ya ninka ƙulluton da ake nema sau 48 a girma. Likitoci 20 cikin 24 ba su gan shi ba. Na'urar bibiyar ido tana aiki a lokacin, kuma ta nuna cewa mafi yawan waɗanda ba su gan shi ba, idonsu ya sauka a kansa kai tsaye. Ƙwararru ne, a natse suke, suna bakin aikinsu, ido ya kalla, zuciya ba ta gani ba. Akasin haka ma kowa ya san shi: uwa tana tuƙa tuwo idonta na kan tukunya, amma hankalinta kacokan yana kan yaron da ke rarrafe kusa da murhu.

Injiniyoyin da ke ƙera waɗannan na'urori sun fi kowa sanin haka. A 1990 Robert Jacob, yana aiki a cibiyar binciken sojan ruwan Amurka, ya yi bayanin matsalar da ya raɗa wa sunan sarki Midas na tatsuniyar Girka, wanda duk abin da ya taɓa sai ya zama zinari, har abincinsa. In aka ce kallo shi ne umarni, to duk inda ido ya gifta wani abu zai buɗe, domin ido ba ya hutawa kuma ba ya neman izinin mai shi kafin ya waiwaya. Shi ya sa har gobe ake ƙara wani mataki: ko a tsayar da ido a kan harafi na ɗan lokaci kafin ya rubutu, ko kuma, kamar a tabarau ɗin Vision Pro da Apple ya fitar a Fabrairun 2024, a kalli abu sannan a haɗa yatsu biyu don tabbatarwa. Fiye da shekara talatin ke nan masana'antar ta yarda cewa kallo shi kaɗai bai isa ya zama danna maɓalli ba. Ta yaya abin da bai isa danna maɓalli ba zai isa shaidar satar jarrabawa?

Amma ga shi ana yi. A jarrabawar zama lauya ta jihar Kalifoniya a watan Oktoban 2020, wadda aka yi ta intanet saboda korona, manhajar sa ido ta yi wa mutum sama da 3,000 cikin kusan 9,000 alamar tuhuma, kuma kawar da ido daga kyamara yana cikin dalilan. Daga baya aka wanke mafi yawansu, bayan sun kwana da fargabar cewa karatun shekaru ya tashi a banza. Mutum yakan ɗaga kai sama in yana tunani. Wani yakan lumshe ido ya tuno abin da ya haddace. Wani idonsa na rawa saboda larura, wani harara-garke gare shi tun haihuwa. Manhajar ba ta san ko ɗaya daga ciki ba.

A nan abin ya shafe mu kai tsaye. Yaranmu suna rubuta jarrabawar neman gurbin karatu da ta takardun ƙwarewa daga ɗakunansu, suna kuma yin ganawar neman aiki ta bidiyo da kamfanonin waje. Yaron da aka rena a Kano ko Zinder an koya masa cewa ƙura wa babba ido rashin kunya ne. Yarinyar da ta taso a gidan mutunci takan sunkuyar da kai in tana magana da wanda ya girme ta, kuma addini ma ya yi umarni da runtse ido. Tarbiyyar da iyaye suka sha wahala a kanta, ita ce ma'aunin da aka gina a wata al'ada zai iya rubutawa a matsayin rashin gaskiya ko rashin natsuwa. Kuma ma'aunin ma ba shi da tushe: tun Janairun 2023 kamfanin Nvidia ya fitar da wata dabara da ke gyara hoton bidiyo ya nuna kamar mutum yana kallon kyamara alhali idonsa na wani wuri. Mai kuɗin sayen kwamfuta mai ƙarfi zai tsallake, mai kunya ne zai faɗa tarko.

Akwai ma masu sayar da ita a matsayin na'urar gano maƙaryaci. Kamfanin Converus na jihar Utah yana da EyeDetect, wadda ke auna buɗewar baƙin ido da motsinsa yayin da mutum ke amsa tambayoyi a gaban kwamfuta, yana iƙirarin dacewa sama da kashi 80 cikin ɗari. Yawancin binciken da ake kafa hujja da shi ya fito ne daga masanan da ke da alaƙa da kamfanin. Baƙin ido kuwa yana buɗewa saboda duhu, da tsoro, da lissafi mai wuya, da wasu magunguna. Talakan da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, aka zaunar da shi ana tuhumarsa, me ake tsammanin idonsa zai yi?

Kuɗin gaske kuwa yana wajen talla. Ba a banza ba manyan kamfanoni suka yi ta sayen kamfanonin bibiyar ido: Google ya sayi Eyefluence a 2016, Facebook ya sayi The Eye Tribe na Denmak a ƙarshen shekarar, Apple ya sayi SMI na Jamus a 2017. A Janairun 2022 jaridar Financial Times ta binciki takardun mallakar fasaha na Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta ga a ciki akwai tunanin amfani da motsin ido da na fuska wajen zaɓa wa mutum abin da za a nuna masa. Wata guda bayan haka shugaban MoviePass, kamfanin tikitin sinima na Amurka, Stacy Spikes, ya tsaya gaban jama'a ya gabatar da tsarin da za a ba mutum lada in ya kalli talla a wayarsa, kyamara tana gadinsa, da zarar ya kau da kai tallar ta tsaya ta jira shi. Kau da kai shi ne 'yanci na ƙarshe da ya rage wa mai kallo, kuma shi ake so a saye. Masu cewa wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron kyamara, su tambayi masu binciken da suka nuna a 2024 cewa ana iya cankar kalmar sirrin mai sanye da Vision Pro daga motsin idon hotonsa a kiran bidiyo, har sai da Apple ya toshe ɓarakar. Masu cewa abin bai iso mu ba kuwa, haka suka ce game da manhajojin ba da bashi kafin su fara aika wa dangi da surukai saƙon tozarci.

Ba na cikin masu cewa a yi watsi da fasahar, domin su ma ba su duba waɗanda take yi wa rana ba. Tony Quan, mai zanen bango a Los Angeles, cutar ALS mai kashe jijiyoyin motsi ta kwantar da shi har ba abin da ke motsi a jikinsa sai ido. A 2009 abokansa suka haɗa masa EyeWriter da firam ɗin tabarau mai arha da kyamarar wasan PlayStation, kayan da ba su wuce kimanin dala 50 ba, ya koma zane daga kan gadon asibiti, ana haska zanen a jikin gine-ginen birnin. Steve Gleason, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka mai irin wannan cuta, shi ya ƙalubalanci ma'aikatan Microsoft a 2014 su sama masa hanyar tuƙa kekensa na guragu da ido, daga nan aka samu tsarin sarrafa Windows 10 da ido a 2017. Mutumin da ya shekara bai iya cewa ƙishirwa yake ji ba, ya wayi gari yana rubuta wa matarsa saƙo harafi bayan harafi. A duk waɗannan, mutum ne ke ba na'ura umarni da idonsa, da saninsa, da nufinsa. A jarrabawa da talla da ɗakin tuhuma kuwa, wani ne ke amfani da idon a kan mai shi. Kyamara ɗaya ce, lissafi ɗaya ne, amma ba na yarda a sa su a kwando guda, kuma ina jin zafin yadda ake fito da hoton mara lafiya a gaba duk lokacin da aka tambayi kamfani me yake yi da bayanan masu lafiya.

Ko a mota ana iya bambancewa. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta na'urar gargaɗin direban da hankalinsa ya kau daga titi a sababbin samfuran motoci daga Yulin 2024, amma ta ce kada a adana bayanan fiye da buƙata, kada kuma a miƙa wa wani. Gargaɗin direban ake yi wa, don ransa. Ranar da aka fara tura wannan bayani ga mai kamfanin sufuri don ya yanke albashi, an koma wancan kwandon. Tarayyar ta kuma haramta manhajojin da ke iƙirarin gane yanayin zuciyar mutum a wuraren aiki da makarantu daga Fabrairun 2025.

Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumar da ke kula da ita. Ya kamata hukumar ta fito fili ta ce motsin ido yana cikin bayanan jiki masu buƙatar kariya ta musamman, tun kafin dillalai su cika jami'o'inmu da kwangiloli. Duk makarantar da ta ɗauki manhajar sa ido, kada ta kayar da ɗalibi ko ɗaya a kan alamar na'ura ba tare da malami ya kalli bidiyon ya kuma saurari yaron ba. Su kuma sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu, ga aiki a gabansu: na'urorin magana da ido na kasuwa dubban daloli ne, alhali tun 2015 akwai OptiKey, manhajar rubutu da magana da ido ta kyauta da kowa zai iya buɗe cikinta ya gyara. Gidaje nawa ne a Arewa ke da dattijon da shanyewar jiki ta ɗauke wa magana, ko yaron da aka haifa gaɓoɓinsa ba sa biyayya amma hankalinsa garau? Allon rubutu da ido mai ƙ da ɗ da ɓ, da murya mai furta Hausa yadda tsohuwa za ta gane abin da jikanta ke faɗa, ya isa aikin digiri na biyu ga ɗalibai da dama, kuma asibitocin koyarwa suna nan kusa da su don gwaji.